Tiyatar Ɗaga Nono: Abin da Take Gyarawa da Tabon da Take Bari

Akwai maganar da mata da yawa ba sa yi a bainar jama'a, sai a ƙuryar ɗaki idan sun samu wadda suka amince da ita, wato maganar zubewar nono bayan haihuwa. Mace takan haifi 'ya'ya uku ko huɗu, ta yaye na ƙarshe, sai ta tarar ƙirjinta ya sauya ta yadda rigar nonon da ta saba sawa ba ta zama mata daidai, kuma abin ya riƙa cin ta a rai ko da babu wanda ya ce mata uffan. Masu sayar da kayan mata sun daɗe da gane wannan damuwa, shi ya sa da wuya a buɗe Instagram ko WhatsApp ba a ci karo da tallar man shafawa ko garin da aka ce yana tayar da nono cikin mako biyu ba. A 'yan shekarun nan kuma an fara jin labarin tiyata, wadda likitoci ke kira mastofeksi, kuma wasu matan suna tara kuɗi domin su je Legas ko Abuja ko Turkiyya ko Masar a yi musu. Abin da na fahimta shi ne, idan nono ya riga ya zube, tiyata ce kaɗai ke iya mayar da shi sama, amma musaya ake yi, domin mace tana karɓar tsayuwar nono ne ta bayar da fatar da ba ta da tabo, kuma bai kamata ta shiga wannan musaya ba sai ta san ɓangarorin biyu filla-filla.

Nono ba shi da tsoka a cikinsa. Abin da ke ciki kitse ne da halittun da ke haɗa ruwan nono da hanyoyin da ruwan ke bi, kuma dukkansu suna zaune ne a kan tsokar ƙirji. Abubuwa biyu ne ke riƙe da su, fatar da ta lulluɓe su da wasu siraran zaruruwa da suka ratsa cikin nonon suka ɗaure shi da fata da bangon ƙirji, waɗanda likitan Ingila Astley Cooper ya yi bayaninsu a 1840, har ake kiransu da sunansa. Lokacin goyon ciki nono yana cika ya yi nauyi, fatar da zaruruwan su miƙe, sannan bayan yaye halittun ruwan nonon su tsuke, a bar fata mai faɗi da abin ciki kaɗan. Haka abin yake faruwa ga wadda ta yi ƙiba sosai sannan ta rame, da wadda al'ada ta ɗauke mata, domin a lokacin kitse ne ke maye gurbin mafi yawan halittun nonon, fatar kuma ta rage ƙarfin komawa yadda take. Gado ma yana da hannu, haka nan girman nono tun asali.

A nan nake so in ɗan tsaya, saboda akwai laifin da ake ɗora wa shayarwa wanda ba nata ba ne, kuma jarirai ne ke biyan kuɗinsa. Wani likitan fiɗa na Jami'ar Kentucky a Amurka, Brian Rinker, shi da abokan aikinsa sun duba bayanan mata 132 da suka je neman gyaran nono, suka wallafa sakamakon a 2008. Sun samu cewa yawan cikin da mace ta ɗauka, da shekarunta, da nauyin jikinta, da girman nononta kafin ciki, da shan taba, su ne ke da alaƙa da zubewa, amma tsakanin wadda ta shayar da wadda ba ta shayar ba, ba su ga bambanci ba. Binciken ba babba ba ne, amma ya dace da abin da aka sani game da jiki, tun da ciki ne ke miƙe fatar tun kafin jariri ya kama nono. Saboda haka amaryar da ta yanke wa ɗanta nono a wata uku ta koma madarar gwangwani domin kare ƙirjinta, ta hana shi haƙƙinsa ba tare da ta samu abin da take nema ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar nono zalla na wata 6 da ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye, kuma aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa.

Game da man shafawa da hulba da sauran haɗe-haɗe, magana ba ta da tsawo. Mai yana iya laushe fata ya sa ta sheƙi, wani kuma yana sa ɗan kumburi na lokaci kaɗan wanda ake ɗauka cikowa ce, amma babu man da ke rage faɗin fatar da ta miƙe. Motsa jiki yana ƙarfafa tsokar da ke ƙarƙashin nono kuma yana gyara tsayuwar mutum, abu ne mai kyau ga lafiya, sai dai ba ya taɓa nonon kansa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne allurar da wasu ke yi wa mata a shagunan gyaran jiki, inda ake ɗura wani ruwa cikin nono ba a san ko mene ne ba. Irin wannan yana barin ƙullutai masu tauri, yana jawo ruɓa, kuma yana rikita hoton da ake ɗauka don gano sankarar mama daga baya.

Kafin likita ya ce ga aikin da ya dace, sai ya auna matakin zubewar, kuma ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne wanda wata likita a Kanada, Paule Regnault, ta fitar a 1976. Ana duban inda kan nono yake ne idan aka gwada shi da layin da ke ƙarƙashin nono, wato inda nono ya haɗu da ƙirji. Idan kan nonon yana daidai da layin, mataki na ɗaya ke nan. Idan ya sauka ƙasa da layin amma bai kai ƙarshen nonon ba, na biyu ne. Idan kuwa ya zama shi ne can ƙasa kuma yana kallon ƙasa, to an kai mataki na uku. Akwai kuma yanayin da kan nonon yana sama da layin, amma naman nonon ne ya taru a ƙasa, sama ta zama fayau, wanda ake yawan gani bayan yaye. Mace tana iya tsayawa gaban madubi ta juya gefe, hannuwanta a sauke, ta gane kusan matakin da take, kuma sau da yawa za ta ga ɗaya nonon ya fi ɗaya sauka, abin da ya zama ruwan dare kuma yake sa wani lokaci a yi wa kowanne aiki daban.

Aikin kansa ya yi kama da na telan da aka kai wa rigar da ta yi wa mai ita yawa: zai rage yadin da ya yi saura ya sake ɗinkewa, kuma gwargwadon yawan abin da ya rage, gwargwadon tsawon ɗinkin da zai bari. A ranar tiyata, kafin a shiga ɗakin fiɗa, matar tana tsayawa ne a tsaye, domin idan ta kwanta nonon yana bazuwa gefe a kasa gane zubewarsa. Likita yana ɗauke da alƙalamin zane da tef na awo, ya ja layi daga ramin da ke gindin wuya zuwa ƙasa, ya sa yatsa a layin ƙarƙashin nono ya nuna a gaba inda sabon mazaunin kan nono zai kasance, sannan ya tattaro fatar da yatsunsa ya ga nawa za a iya cirewa ba tare da ɗinkin ya yi tsauri ba. Tsohon ma'auni yana sa kan nono a kusan santimita 19 zuwa 21 daga ramin wuya, amma likita mai hankali yana duban tsawon matar da faɗin ƙirjinta. Bayan an sa ta barci, aikin yakan ɗauki awa 2 zuwa 3. A mafi yawan lokuta ba a cire kan nono gaba ɗaya, ana barinsa ne manne da wani yanki na naman nono wanda ke kai masa jini da jijiyoyin ji, a matsar da su sama tare.

Mafi ƙanƙantar yanka shi ne wanda ake cire ɗan yankin fata mai siffar jinjirin wata a saman baƙin da ke zagaye da kan nono, kuma abin da yake ɗagawa bai wuce santimita ɗaya ko biyu ba. Na gaba da shi shi ne yankan da ke zagaye baƙin gaba ɗaya, wanda ake dangantawa da likitan Faransa Louis Benelli, wanda ya wallafa salonsa a 1990. Ana cire fata a zagaye, a sa zare a tsuke babban da'irar ta dawo daidai da ƙaramar. Tabon yana ɓuya a inda launin fata ya sauya, kuma wannan ne ya sa mata ke son sa, amma yana da iyaka: idan aka tilasta shi a kan nonon da ya zube sosai, gaban nonon yakan baje ya rasa tsininsa, fatar gefen ɗinkin ta yi tattara, sannan da tafiyar watanni baƙin zagayen ya faɗaɗa saboda jan da fatar ke yi masa.

Ga zubewa matsakaiciya, an fi yin yankan da ya zagaye baƙin sannan ya sauka a miƙe zuwa layin ƙarƙashin nono. Claude Lassus na Faransa ne ya fara wannan salo tun shekarun 1960, sannan Madeleine Lejour ta Beljiyam ta yaɗa shi a shekarun 1990. Amfaninsa shi ne likita yana samun damar shiga ya tattaro naman nonon daga gefe biyu ya ɗinke su a tsakiya, ta yadda ba fata kaɗai ke ɗauke da nauyin ba. A makonnin farko nonon yakan yi kamar ya hau sama da yawa, ƙasansa kuma da tattara, kuma matar da ba a gaya mata haka tun farko ba takan firgita, alhali siffar tana daidaituwa ne cikin watanni. Idan zubewar ta kai mataki na uku, ko fatar ta yi yawa ƙwarai kamar ga wadda ta rage ƙiba mai yawa, sai a ƙara yanka na uku a kwance, bisa layin ƙarƙashin nono, tabon ya fito da siffar harafin T da aka kifa. Wannan tsari ya samo asali ne daga zanen da Robert Wise na Amurka ya fitar a 1956. Shi ne mafi tsawon tabo, kuma mahaɗar layukan nan biyu ita ce wurin da ya fi yawan jinkirin warkewa, amma shi ne ke ba likita cikakken iko a kan siffar nonon.

Ra'ayina a nan shi ne, kuskure ne mace ta shiga wurin likita da nufin lallai sai an yi mata aikin da ya fi ƙaramin tabo. Matakin zubewar ne ke zaɓar yankan. Wadda ke mataki na uku ta dage sai yankan zagaye kaɗai, kuma ta samu likitan da ya biye mata saboda kada kuɗin ya wuce shi, za ta tashi da tabo mai faɗi a gaban nono, nonon kuma ya koma inda yake, sannan ta sake biyan kuɗin aiki na biyu wanda ya fi na farko wuya. Likitan da ya gaya mata ƙeƙe-da-ƙeƙe cewa dogon tabo take buƙata ya fi ƙaunarta.

Ɗagawa kaɗai ba ta ƙara girman nono, hasali ma yakan yi kamar ya ɗan ragu saboda an tattare shi wuri ɗaya, kuma ba ta cika saman ƙirji yadda wasu ke zato. Wadda ke son cikowa sai an haɗa mata da jakar silikon ko ta ruwan gishiri, a sa ta ƙarƙashin naman nono ko ƙarƙashin tsoka. Wannan haɗin yana cikin ayyukan da aka fi sake komawa gyara, domin ana rage fata ne a daidai lokacin da ake ƙara mata kaya, shi ya sa wasu likitoci ke raba shi gida biyu da tazarar watanni. Jaka ita kaɗai kuma ba ta ɗaga nonon da ya zube sosai, sai dai jakar ta tsaya a sama naman nonon ya rataya a ƙasanta. Tarihin jakar ya isa ya sa mutum ya yi tunani. Thomas Cronin da Frank Gerow ne suka fara sa ta a birnin Houston a 1962. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta taƙaita amfani da ta silikon a 1992, ta sake amincewa da ita a 2006. A 2010 aka gano kamfanin PIP na Faransa yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu wanda ba a yi shi don jikin mutum ba, kuma a 2019 aka janye wasu jakunkunan kamfanin Allergan masu kaushin baya daga kasuwa saboda alaƙarsu da wani nau'in ciwon daji da ba a cika samu ba, wanda ke tasowa a tantanin da jiki ke yi kewaye da jakar. Wannan tantanin kansa yana iya tsukewa ya sa nono ya yi tauri da ciwo. Jakar ba ta har abada ba ce, ta silikon kuma tana iya fashewa ba tare da mai ita ta ji ba, shi ya sa hukumar ta Amurka ke ba da shawarar a ɗauki hoton nonon bayan shekara 5 ko 6, sannan duk bayan shekara 2 ko 3. Duk wadda za ta sa jaka ta lissafa har da wannan ɗawainiya, kuma ta karɓi katin da ke ɗauke da sunan kamfani da lambar jakar ta adana.

Akwai hanyoyin da ba sa buƙatar baƙon abu a jiki. Ana iya zuƙo kitse daga ciki ko cinya a tace shi a zuba a saman nono, sai dai ƙarin da yake yi kaɗan ne kuma jiki yana shanye wani kaso nasa. Ana kuma iya naɗe naman ƙasan nonon a tura shi baya ya zama cikon sama. Wata raga da ake tallatawa da sunan rigar nono ta cikin jiki kuwa, hukumar ta Amurka ta sanar a 2023 cewa ba ta tabbatar da ingancin amfani da irinta a tiyatar nono ba. Ga wadda nononta ya yi girma har yana sa mata ciwon baya da wuya, igiyar rigar nono ta yi mata rami a kafaɗa, ƙarƙashin nonon kuma ya riƙa saɓewa da zafi da gumi, abin da take buƙata shi ne rage nono, wanda yankansa iri ɗaya ne da na ɗagawa amma ana cire nama da kitse, kuma wannan magani ne na larura.

Maganar tabo ta fi shafar mu baƙar fata fiye da matan da hotunansu ke cike da shafukan asibitocin ƙasashen waje. Fatarmu ta fi saurin yin tabon da ke tasowa ya yi tudu ya wuce iyakar ciwon, mai ƙaiƙayi da zafi, irin ƙullutun da ke fito wa wasu a kunne bayan huji, kuma tsakiyar ƙirji yana cikin wuraren da ya fi so. Kafin mace ta yanke shawara, ta duba jikinta da kyau: yadda hujin kunnenta ya warke, da tabon lambar rigakafi a kafaɗa, da tabon tiyatar haihuwa idan an taɓa yi mata, ta kuma tambaya ko akwai masu irin wannan tabo a danginta. Idan akwai, to a ganina dalili ne mai ƙarfi na haƙura, domin allurar sitiroyid da faifan silikon da ake liƙawa suna rage shi ne, kuma yana iya dawowa ko an yanke shi. Ko ga wadda ba ta da wannan matsala, tabon yakan yi duhu fiye da sauran fatar, kuma sai ya kai shekara ɗaya zuwa shekara ɗaya da rabi kafin ya nuna kamanninsa na ƙarshe. Yana da kyau ta nemi likita ya nuna mata hotunan aikinsa a kan mata masu irin launin fatarta, waɗanda aka ɗauka bayan shekara guda, domin hoton mako biyu ba ya nuna komai game da tabo.

Haɗari mafi muni da ya keɓanta da wannan aiki shi ne jini ya kasa isa kan nono, ya yi baƙi ya mutu, wani yanki ko dukkansa. Ba a cika samun haka ba, amma nikotin yana tsuke ƙananan hanyoyin jini ya ƙara yiwuwarsa sosai, shi ya sa likitoci ke sharɗanta barin taba aƙalla mako 4 kafin aiki da bayansa, kuma shisha da ta yaɗu a tsakanin matasa tana cikin wannan hukunci. Jin kan nono yana iya raguwa ko ya ƙaru, galibi yana dawowa cikin watanni, wani lokaci kuma ba ya dawowa. Akwai kuma taruwar jini a cikin nono, da shigar ƙwayoyin cuta, da buɗewar ɗinki, da rashin daidaiton nonuwan biyu. Mata da yawa suna iya shayarwa bayan ɗagawa tun da kan nono yana nan haɗe da hanyoyin ruwansa, amma babu likitan da zai iya lamunce yawan ruwan, sannan sabon ciki zai sake miƙe fatar ya ɓata aikin. Wannan batu yana da nauyi a wurinmu, inda mace mai shekara talatin da 'ya'ya huɗu sau da yawa ba ta gama haihuwa ba. Shawarar likitoci ita ce a jira sai an gama haihuwa, an yi yaye da aƙalla wata 3 zuwa 6, kuma nauyin jiki ya tsaya wuri ɗaya.

Binciken da ake yi kafin aiki ba ɓata lokaci ba ne. Sankarar mama ita ce ciwon dajin da ya fi kama mata a Najeriya, saboda haka dole a duba nonon da hannu, a ɗauki hoto ga wadda ta kai shekara 40 ko take da tarihin cutar a dangi. Dole a san ƙarfin jini, da hawan jini, da ciwon suga wanda ke hana ciwo warkewa, da sikila wadda ke buƙatar shiri na musamman kafin a sa mutum barci. Kuma kada mace ta ɓoye wa likita abin da take sha ko shafawa don kunya. Mayukan bilicin da yawa suna ɗauke da sitiroyid, wanda ke sirantar da fata ya sa ɗinki ya ƙi kamawa, wasu jiƙe-jiƙen gargajiya da magunguna irin su asfirin suna ƙara zubar jini, ƙwayoyin tsarin iyali masu sinadarin istirojin kuma suna ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya.

Wanda zai yi aikin ya fi salon aikin muhimmanci. A Najeriya kowane likita sai ya yi rajista da hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, wato MDCN, amma rajista kaɗai ba ta mayar da shi ƙwararre a gyaran jiki. Wanda ake nema shi ne wanda ya kammala horon ƙwarewa a wannan fanni a ƙarƙashin kwalejin horar da manyan likitoci ta ƙasa ko kwalejin likitocin fiɗa ta Afirka ta Yamma, kuma masu wannan ƙwarewa suna da ƙungiyarsu mai suna NAPRAS. Irin waɗannan likitoci su ne ke gyaran ƙuna da sake gina nono bayan sankara a manyan asibitocin koyarwa. A tambaya kuma wa zai sa barcin, kuma ina za a kai mutum idan abu ya rikice cikin dare. Fita waje ba lamuni ba ne. 'Yan Najeriya ba su manta da rasuwar Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, a Sifaniya a watan Oktoban 2005 bayan tiyatar rage kitse ba. Wadda ta je waje ta dawo cikin 'yan kwanaki za ta tarar matsalolin ɗinki sukan bayyana ne a mako na biyu ko na uku, lokacin da wanda ya yi aikin yake wata ƙasa, kuma doguwar tafiyar jirgi dab da tiyata tana ƙara haɗarin daskarewar jini, abin da ya sa hukumar lafiya ta Birtaniya ke cewa a jira kwana 5 zuwa 7 kafin a hau jirgi bayan aikin nono.

Ga Musulma akwai tambayar halasci, kuma ba tambaya ce da za a tsallake ba. Malamai suna kafa hujja da aya ta 119 a Suratun Nisa'i wajen hana sauya halitta, suna kuma kafa hujjar halascin gyaran aibi da hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halasta tiyatar da ke gyara aibi ko mayar da gaɓa yadda take, har da sake gina nono bayan an cire shi da gyara girmansa idan yana jawo cuta, ta kuma hana wadda ake yi don ƙarin ado kawai. Zubewar da haihuwa ko shekaru suka kawo tana iya faɗawa kowane ɓangare gwargwadon tsananinta da cutarwar da take yi, don haka ya kamata mace ta kai ainihin halin da take ciki ga malamin da ta amince da iliminsa. Abin da zan ƙara daga kaina shi ne, na fi jin tsoron aikin da aka yi saboda maigida ya yi gori ko saboda ana shirin kawo amarya. Jikin matar ne zai sha wuƙa da maganin barci, ita ce za ta zauna da tabon, kuma gorin da ya fito daga rashin tausayi ba ya ƙarewa don nono ya tashi.

Bayan aiki ana sa rigar nono ta musamman marar ƙarfe dare da rana na kusan mako 4 zuwa 6, ana kwanciya rigingine, kuma ana son matar ta tashi ta ɗan taka tun ranar farko domin jini ya zagaya. Mai aikin ofis takan koma bayan mako ɗaya ko biyu, amma ɗaukar nauyi da ɗaga hannu da ƙarfi sai bayan mako 4 zuwa 6, wanda a gidajenmu ke nufin babu daka, babu wanki, babu ɗaukar bokitin ruwa, babu goyo ko ɗaga yaro, saboda haka sai an tanadi 'yar'uwa ko ƙanwar da za ta zauna da ita, kuma wannan yana sa ɓoye aikin ga kowa ya yi wuya. A guje wa gashi da ruwan zafi ko shafa wani abu a kan ɗinkin ba da izinin likita ba, kuma idan da hali a zaɓi lokacin sanyi, domin gumin bazara yana jiƙa bandeji. Idan nono ɗaya ya kumbura farat ɗaya ya fi ɗaya girma, ko kan nono ya sauya launi ya yi sanyi, ko zazzaɓi ya zo da mugunya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, to a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Sakamakon aikin yakan ɗauki shekaru, ya fi daɗewa ga mai ƙaramin nono da wadda nauyinta bai riƙa hawa da sauka ba, amma fata tana ci gaba da tsufa kuma nonon zai sake ɗan sauka a hankali. Duk lokacin da za a ɗauki hoton binciken sankara nan gaba, matar ta gaya wa mai ɗaukar hoton cewa an taɓa yi mata tiyata kuma ko akwai jaka a ciki, domin tabon ciki da mataccen kitse suna iya fitowa a hoton kamar ƙari, kuma wadda ke da jaka akwai yadda ake ɗaukar nata hoton daban.